Burushin Aski da Natsuwar Zuciya



Akwai ƙananan kayan gida da muke amfani da su kullum ba tare da mun tambayi asalinsu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne burushin da ake buga kumfar sabulu da shi kafin a ɗora aska ko reza. Wani zai ce me ya haɗa mai gemu da burushin aski? Amsar ita ce, mai gemu ma yana aske kansa, yana gyara wuyansa da gefen kumatunsa, kuma kowane mako yakan zauna gaban wanzami ko mai shagon aski. Duk abin da zai taɓa fatar mutum da danshi, sannan ya tashi ya fuskanci alƙibla, ya cancanci a san da me aka yi shi.

Burushin aski na gashin dabba iri uku ne. Mafi tsada shi ne na wata dabbar daji mai kama da dage, wadda Faransawa ke kira «blaireau», har sunanta ya zama sunan burushin kansa a harshensu. Mafi yawan gashinta daga ƙasar Sin ake samo shi. Na biyu shi ne na gashin doki. Na uku, wanda ya fi araha a cikinsu, shi ne na gashin alade. Ba kullum ake bayyana wannan a fili ba. In ka ga an rubuta «soies de porc» ko «sanglier» a jikin kwali, to magana ta fito. In kuwa «soies naturelles» ko «pure bristle» kawai aka rubuta, galibi shi ɗin ne dai.

A gidanmu mas'ala irin wannan ba a yanke ta da zafin kai. Mahaifina, wanda ya shafe shekaru yana limanci, ya karantar da mu cewa a Mukhtasar na Shaihu Khalil an lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki, ko da na alade ne, matuƙar yanke shi aka yi. In an tuge shi ne, to saiwar da ta fito daga fata ita ce najasa. Malaman Shafi'iyya kuwa suna ganin gashin alade najasa ne duk yadda aka samo shi. Saboda haka ba ni da hurumin cewa wanda ya yi amfani da irin wannan burushi sallarsa ta ɓaci, kuma ina jan hankalin matasanmu da su guji jifan mutane da haramcin da malaman mazhabarmu ba su faɗa ba. Sai dai mai saye a kanti bai ga yadda aka raba gashin da fata ba, a masana'antun nan kuwa yawanci tugewa ko kankarewa ake yi bayan an kashe dabbar. Manzon Allah (SAW) ya shiryar da mu zuwa ga barin abin da ke sa kokwanto, mu kama wanda babu kokwanto a cikinsa. Wannan ne ya sa na zaɓi burushin zaren roba, na kuma saya wa ƙannena irinsa.

Bayan tsarki akwai lafiya. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, sojojin Ingila da na Amurka da dama sun kamu da ciwon saifa, wanda Faransawa ke kira «charbon», a fuska da wuya. Da aka bi diddigi sai aka tarar cutar ta fito daga burusan aski na gashin doki da ba a tsabtace su sosai ba. Yau masana'antu na tsabtace gashin, amma darasin yana nan: gashin dabba yana iya ɗauko abin da ke jikin dabbar, kuma yana shan ruwa ya daɗe da danshi. Zaren roba ba ya shan ruwa, da wuri yake bushewa ko da damina ce.

Dattawan da suka gwada na roba a dā suka watsar, suna da gaskiyarsu. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro nailan a 1935, ya shiga burushin haƙori a 1938, amma burusan askin farko da aka yi da shi masu kaushi ne, suna sukar fata kamar tsintsiya. Yanzu abin ya canza. Ana siranta bakin kowane zare har ya yi laushi, gindinsa kuma ya tsaya da ƙarfi. Kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a, irin su Plisson na Faransa da Mühle na Jamus da Omega na Italiya, duk suna yin na roba.

Wajen zaɓe, ga abin da nake dubawa. Na farko rubutun kwali: a nemi «fibres synthétiques». Na biyu, a shafa bakin burushin a bayan hannu. In ya soki hannu, zai soki fuska. Na uku, a danna shi a tafin hannu: ya buɗe ba da wahala ba, in an ɗaga ya koma yadda yake. Wanda ya kwanta laƙwas ba zai buga kumfa ba. Na huɗu, kaurin dunƙulen zaren daga gindi: milimita 22 zuwa 24 ya wadatar ga fuska da wuya, mai aske kai duka zai fi jin daɗin na 26. Sannan a ja zaren a hankali. In yana biyo hannu, manne shi bai yi kyau ba. In babu kwali, kamar yadda aka saba a kasuwa, a zare sili ɗaya a kusanta shi da ashana. Gashin dabba ƙauri yake yi ya zama toka, zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule.

Amfani da shi ma yana da ƙa'idarsa. Na gashin alade sai an jiƙa shi na ƴan mintoci, sabo kuma yakan ɗauki makonni kafin ya yi laushi, ga wari. Na roba tsomawa ɗaya ya ishe shi. Da yake ruwan tsakanin zaren yake maƙalewa, in ba a yarfe shi ba zai zubo gaba ɗaya ya tsinka kumfar. Saboda haka a yarfe, a murza shi a kan sabulu kamar rabin minti, sannan a riƙa ƙara ruwa ɗigo-ɗigo har kumfar ta yi kauri kamar kindirmo. A wanke fuska da ruwan ɗumi tukuna, a shafa kumfar ana zagayawa don gashin ya miƙe ya yi taushi. Kada a danna shi har gindi, kada kuma a sa shi a tafasasshen ruwa, domin zafi yana lanƙwasa zaren, yana kuma sassauta abin da aka manne shi da shi. In an gama a ɗauraye shi sarai, a yarfe, a ajiye inda iska ke shiga.

Shawarata ta ƙarshe ga magidanta ce. Reza na yanka fata, burushi kuma yana bin inda ta yanka, ga shi ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta jini. Kowane namiji a gida ya mallaki rezarsa da burushinsa, in zai tafi shagon aski ya tafi da su. Wanzami mai mutunci ba zai ji haushi ba, in an yi masa bayani cikin ladabi. Iyaye mata kuma, da yake sau da yawa ku ke yi wa samarin gida sayayya, ku riƙa duba rubutun kwalin kafin ku biya.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da jikunanmu, Ya karɓi ibadunmu. Amin.