Gijs Bakker: maƙerin da ya shigar da hoto cikin kayan ado

A shekarar 2014, gidan adana kayan fasaha na Stedelijk da ke birnin Amsterdam a ƙasar Holan ya shirya baje kolin ayyukan Gijs Bakker da marigayiya matarsa Emmy van Leersum. An jera manyan kayan wuya na alminiyam, da awarwaraye, da tufafi, tare da hotunan waɗanda suka fara sanya su a ƙarshen shekarun 1960. Kayan sun fi kama da sassaƙa fiye da sarƙar da aka saba gani a kanti, kuma sai mai kallo ya dubi hoton da ke kusa da su sannan zai gane yadda suke zama a jikin mutum.

An haifi Bakker a 1942 a garin Amersfoort. Ya koyi ƙirar zinariya da azurfa a Amsterdam, ya ƙaro ilimi a makarantar Konstfack da ke Stockholm a ƙasar Suwidin. Emmy, wadda aka haifa a 1930, ita ma maƙeriya ce. Sun yi aure a 1966, suka buɗe wurin aiki a birnin Utrecht. A wancan zamani, sana'ar da suka koya tana tafiya ne a kan ƙa'ida guda: a ɗauki ƙarfe mai tsada, a dasa masa dutse mai tsada, a yi shi ɗan ƙarami, mai kuɗi ya saya wa matarsa. Su biyun sun ga cewa a irin wannan ciniki sikeli ne ke yanke darajar kaya, basirar maƙeri kuwa ta koma gefe.

Amsarsu ta fito fili a 1967, a wannan gida na Stedelijk. Maimakon a kulle kayan cikin akwatin gilashi, sai 'yan mata suka sanya su suka yi tafiya a gaban jama'a. Cikin abin da aka nuna har da abin wuyan da Bakker ya haɗa da bututun hayaƙin murhu, irin wanda ake sayarwa a shagon kayan gini. Alminiyam ba shi da nauyi kuma ba shi da tsada, saboda haka ya ba su damar yin kaya mai faɗi wanda zai rufe kafaɗu ya tallafi haɓa ba tare da ya wahalar da mai shi ba. Irin wannan kaya yana sauya tsayuwar mutum da yadda yake juya kansa. Daga nan ne aka fara kallon jiki a matsayin wani ɓangare na aikin, kuma daga nan hoto ya zama dole, domin abin wuyan da aka ajiye a kan tebur rabin labarinsa kawai yake bayarwa.

Aikin da ya fi kai wannan tunani nesa shi ne na 1973, wanda Bakker ya kira adon inuwa. Bakker ya ɗauki siririyar waya ta zinariya, aka ɗaura ta tam a dantse ko a ƙugu, aka bar ta ta ɗan jima, sannan aka cire. Sawun da ta bari a fata shi ne adon. Duk wanda ya taɓa cire matsattsen awarwaro ko zobe ya san wannan sawu, ya kuma san ba ya daɗewa, jini na komawa yake gushewa. Abin da ke ɓacewa cikin 'yan mintoci ba ya sayuwa, ba ya gaduwa, ba a kai shi kasuwa ranar da gida ya shiga matsi. Hoton da aka ɗauka kafin sawun ya gushe shi kaɗai ya rage, kuma shi ake ratayawa a bango idan za a nuna aikin. Wannan aiki ya cancanci a daɗe a gabansa, domin a nan ne maƙeri ya yarda ya saki ƙarfensa, ya bar fatar ɗan Adam da kyamara su ƙarasa masa aikin. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shafe shekaru yana koyon narka zinariya.

Bayan haka hoto ya tashi daga bango ya shiga cikin kayan adon kansu. A 1976 Bakker ya buga hoton hannaye a harɗe a kan ƙyallen da ake ratayawa a ƙirji. A 1977 ya fitar da jerin da ya kira Sarauniyoyi: ya yanko hotunan sarƙoƙin gidan sarauta, ya rufe su cikin roba mai garai-garai, ya mai da su abin wuya. Mace za ta iya sanya siffar lu'ulu'un sarauniya a wuyanta da kuɗi kaɗan, kuma duk wanda ya gan ta ya san takarda ce da roba. Tambayar da aikin ke yi a bayyane take: me ake girmamawa a sarƙar sarauniya, kyanta ko kuɗinta? A 1982 ya yi babban abin wuya daga hoton jan furen wardi mai ɗigon raɓa a jikinsa, kan mai sanyawa yana fitowa ta tsakiyar furen. Daga baya ya riƙa yanko hotunan 'yan wasa daga jarida yana haɗa su da zinariya ta gaske, ya yi abin maƙalawa a ƙirji, takardar da ake yarwa washegari tana zaune gefe da gefe da ƙarfen da ake ɓoyewa a akwati.

Akwai masu sukar wannan hanya, kuma sukarsu tana da tushe. Kayan da aka ƙera don a kuɓuta daga tsadar zinariya sun ƙare a hannun masu tara kayan fasaha da gidajen tarihi, inda talaka bai fi kusa da su ba. Wasunsu ma ba sa sanyuwa a harkar yau da kullum. Sai dai abin da Bakker da Emmy suka buɗe bai rufu ba: ɗaliban ƙirar ado a Turai yanzu suna aiki da roba, da takarda, da katako, da hoto, ba tare da an ce sun bar sana'a ba.

Emmy van Leersum ta rasu a 1984. Bakker ya ci gaba da aiki da koyarwa a makarantar zane ta Eindhoven. A 1993 shi da Renny Ramakers suka kafa Droog Design, wanda ya fito da sunan masu zanen Holan a duniya, sannan a 1996 ya haɗu da Marijke Vallanzasca ta ƙasar Italiya suka kafa Chi ha paura...?, kamfanin da ke gayyatar masu zane su ƙirƙiro kayan adon da darajarsu take cikin tunanin da ya haife su.