Ranar Da 'Yata Ta Ce Noma Za Ta Karanta

Ni malamar Islamiyya ce a nan Makera, Kaduna ta Kudu. Shekarata goma sha biyu ina karantar da matan aure da hantsi, yara kuma bayan la'asar. Na saba ni ce mai gyara wa wasu karatu. To yau labarin yadda aka gyara mini nawa na kawo muku, kuma wadda ta yi gyaran 'yar cikina ce, 'yar fari ma, wadda ko sunanta ba na iya kamawa.

Shekara biyu ke nan da suka wuce. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo, suka shigo ita da babanta daga wurin cike fom ɗin JAMB. Ta durƙusa ta miƙo mini takardar. Na goge hannu na karɓa da murna, don a raina na riga na gama ɗinka mata fararen kayan asibiti. Sai na ga zaɓin farko, aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Zaɓi na biyu, kula da muhalli a Jami'ar Jihar Kaduna. Na sake karantawa, ko idona ne.

Na ce, "Ke, kuskure suka yi miki a wurin bugawa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a Umma, shi nake so."

Ashe sun gama magana da babanta tun tuni, tsoron bakina ne ya sa suka ɓoye mini. Wallahi ranar tuwon nan da ƙyar na tuƙa shi. Na ce da Malam, yarinyar da take cin na ɗaya na biyu a ajinsu, mu sha wahalar kuɗin makaranta shekara da shekaru, ƙarshenta ta ɗauki fartanya? Ya ce in yi haƙuri in saurare ta. Ban saurara ba. Mako uku muka yi gaisuwa kawai ke haɗa mu, abin da ni da kaina nake hana matan ajina su yi wa 'ya'yansu.

Bari in faɗa muku inda ƙiyayyar nan ta samo asali, don na san da yawanmu 'yan Makera da Kakuri labarinmu ɗaya ne. Babanmu ɗan ƙauye ne daga wajen Funtuwa. Ya bar gonar gado ya zo Kaduna lokacin da masaƙu ke tashe. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu suka biyo baya, dubban magidanta suka cika unguwannin nan. A ɗaya daga cikinsu Baba ya samu aiki. Mun tashi muna jin jiniyar canjin aiki, muna ganin titi ya cika da kekuna da babura. A gidanmu idan yaro ya yi wasa da karatu, abin da ake ce masa shi ne, "Za ka koma ƙauye ka yi noma." Wato noma shi ne hukuncin wanda ya faɗi. Da masaƙun suka soma rufewa ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2002 zuwa 2007, Baba ya rasa aiki ina 'yar shekara goma sha biyar. Na ga yadda ya riƙa zuwa ƙauye da damina yana dawowa a rame, da buhu uku ko huɗu da ba sa kai mu rani. Wannan shi ne noman da na sani. Ko da na yi NCE daga ɗakin mijina, ban taɓa zama na tambayi kaina ko akwai wani irinsa ba.

Da abin ya ishe ni sai na kai ƙara wurin Baba, ina da tabbacin zai goya mini baya. Ya sa aka kira ta. Ya ce, "Amaryata, me kika gani a gona?"

Ta ce, "Kaka, atamfar da kuke saƙawa, daga ina ta faro?"

Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce daga gonar auduga. Ya juyo wurina ya ce, ban da matsalar wuta da tsadar baƙin mai da yadin da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, yana cikin abin da ya gani da idonsa yadda auduga mai kyau ta riƙa yin wuyar samu. Ya ce, "Ni da na samu wanda zai nuna mini irin da zan shuka da takin da ƙasata ke so, da ban dawo muku da buhu uku ba. Ki bar ta ta je." Na fito gidan jikina a sanyaye. Mun saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ran nan babba da yaro sun hango abu ɗaya, ni ta tsakiya ce ban gani ba.

Allah Ya ba ta gurbin karatu a Zariya. Ni na raka ta, muka hau mota a tashar Kawo har Samaru. A nan na fara jin kunyar kaina. Ashe tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, shekara arba'in kafin a kafa jami'ar kanta a 1962. Cibiyar binciken da ke wurin, wadda ake kira IAR, ita ke fitar da ingantattun irin shuka, kuma duk sunan da ya fara da "SAM" nata ne: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga. A Shika kuma, kusa da nan, akwai cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI. Ke nan tuwon da nake tuƙawa da ƙosan da nake soyawa, mai yiwuwa hannun wani malamin Samaru ya taɓa irinsu, ni kuwa ina nan ina raina aikinsa. Na ga 'yan mata da hijabansu, wasu da farar rigar ɗakin gwaji a kai, suna fitowa da littattafai.

Ga uwargidan da 'yarta ko ɗanta ke da wannan sha'awar, ga abin da na fahimta. Digirin aikin gona shekara biyar ne. A JAMB ana neman Turanci da Kemistiri da Bayoloji ko darasin aikin gona, sai Fizis ko Lissafi. Ana karanta yanayin ƙasa, da tsirrai da cututtukansu, da kiwo, da lissafin riba da asara a harkar gona, da yadda ake isar da ilimi ga manoma, wato aikin malamin gona. A shekara ta huɗu ake fita aikin gona na zahiri, nan kam za a riƙe fartanya a sha rana. Shi kuwa fannin kula da muhalli, wanda Jami'ar Jihar Kaduna ke koyarwa a reshenta na Kafanchan, ya shafi ruwa da iska da shara da ambaliya da zaizayar ƙasa, da yadda ake auna illar da masana'anta ko babban gini zai yi wa unguwa kafin a kafa shi.

Amma abin da ya gama sauya mini tunani a ɗakin girkina ya faru. Hutunta na farko ta tarar da ni na sayi wake rabin buhu, ina shirin barbaɗa masa fiya-fiya don kada ya yi ƙwari, kamar yadda na ga ana yi tun ina yarinya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Umma don Allah kar ki sa." Ta bayyana mini cewa guba ce da ba a yi ta don abinci ba, kuma saboda irin wannan maganin da aka samu ya wuce kima a jikin waken Nijeriya ne Tarayyar Turai ta hana shigar da shi ƙasashenta a 2015. Ta sa aka sayo mana buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Ana ɗaure kowanne daban, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu. Wata biyar waken nan ya yi, ko huda ɗaya babu. Na zauna ina tuna sau nawa na zuba wa yarana abin da na barbaɗa wa guba da hannuna, ina bismillah.

Ta kuma hana ni sayen gyaɗa da masarar da ta yi fumfuna don arha. Ta ce akwai wata guba da fumfunar ke haifarwa, wadda dahuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta, tana kuma tsumburar da yara. Ni kuwa a da tsince ta nake yi sama-sama in kai niƙa.

Sai maganar alayyahu. Duk 'yar Makera ta san babban lambatun da ke ratsa unguwar ya gangara kogin Kaduna, ta kuma san lambunan da ke gefensa da rani, kore shar. Ruwan nan ya kwaso dattin gidaje da na garejin kanikawa da na masana'antu. Yarinyar ta ce masu bincike sun sha ɗibar ruwan da ƙasar da ganyen wurin suna aunawa, saboda ƙarafa masu guba irin su dalma suna iya shiga cikin jikin ganyen ta saiwa, kuma wanki da gishiri ba ya fitar da abin da ya riga ya shige ciki. Da na ji dalma gabana ya faɗi, don ban manta da yara sama da 400 da gubarta ta kashe a Zamfara a 2010 ba, duk da cewa can daga haƙar zinariya ne. Na ce to masu lambun nan a hana su? Ta ce, "Umma, su ma abinci suke nema. A gyara ruwan ne, a nuna musu inda ya dace. Shi ne aikin waɗanda suka karanta muhalli." Shekara talatin da wani abu ina tsallaka lambatun nan ina toshe hanci, ban taɓa tunanin akwai karatun da ake yi don gyara shi ba.

Daga nan na soma lura cewa yawancin kukan da muke yi a kan cefane, daga gona yake tasowa. Kun tuna 2016 da tsutsar nan ta cinye tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, muka koma miyar busasshen kauɗa da na gwangwani? Kun tuna 2023 da cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachiya da Kagarko da Jaba, citta ta zama sai mai hali? Mu dai tsada muke gani a Kasuwar Monday, mu dawo gida mu yi mita. Wa zai gano cutar, wa zai nemo maganinta, in dukkanmu mun hana 'ya'yanmu masu ƙwaƙwalwa shiga fannin?

Akwai kuma abin da ya shafe mu mata musamman. A ƙauyukanmu mace ce ke kiwon awaki da kaji, ita ke sussuka da casa, ita ke yin ƙuli-ƙuli da daddawa, ita ke ajiyar iri. Malamin gona namiji ba zai shiga gidan kulle ya zauna da ita ba. Yadda muke neman likita mace don ta duba mu, haka matan karkara ke buƙatar malamar gona mace. Wannan hujjar ce ta rufe bakin surukata da ta ce noma ba aikin 'ya mace ba ne.

Ba zan yi muku daɗin baki ba, akwai wahala. Shekara biyar ba kwana biyar ba ce, ga kuɗin makaranta da na abinci, ga fargabar yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas. Takardar digiri ba ta zuwa da gona, kuma aikin gwamnati bai wadata ba. Ga tsaro. Tun da aka sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021, babu uwar da za a ce 'yarta za ta fita aikin daji hankalinta ya kwanta. Nakan tashi cikin dare in yi mata addu'a. Maƙwabta ma ba su daina tambaya ba. Wata ta ce mini, "Malama, wa zai auri manomiya?" Na ce mata wanda Allah Ya rubuta, kuma ga dukkan alamu ba zai kwana da yunwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau da yawa na karantar da hadisin nan da ke bayanin ladan wanda ya yi shuka mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci. Na fassara shi, na sa an haddace, na ba da maki. Amma da 'yata ta ce za ta rayu a kansa, sai na yi fushi da ita mako uku. Ranar da za ta koma makaranta na kira ta ɗaki na ce ta yafe mini. Ta fashe da kuka, ni ma haka.

Yanzu tana aji biyu. A bayan ɗakina akwai buhuna takwas cike da ƙasa da takin kaji, ta shuka mini alayyahu da yakuwa da tattasai a ciki, da ruwan rijiyarmu nake ba su. Matan ajina suna zuwa kallo, har huɗu sun yi nasu.

Shawarata gare ki uwargida, idan lokacin cike fom ya zo, ki zauna da yarinyarki kafin a je wurin bugawa. Ki tambaye ta me take so, kuma me ya sa. Idan ta kawo fannin da ba ki sani ba, ki nemi wanda ya sani ki tambaya, kada ki yanke hukunci da tsoron da kika gada kamar yadda na yi. Ba duka 'ya'yanmu ne za su zama likitoci ba, kuma likitan ma sai ya ci abinci mai lafiya.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya tsare mana su a duk inda suke. Ku sa mini ita a addu'a. Wassalamu alaikum.