Baƙuwar da ke zaune cikin itace

Kowa ya san fumfuna. Ita ce ke hawa burodin da ya kwana uku, ita ce ke ɓata wa ɗan kasuwa huhun goro in laima ta shige shi. Abar ƙyama ce, ko da yake daga irinta Fleming ya gano penisilin a 1928. To, akwai wani jinsinta da ido ba ya gani, mai zama cikin saiwa da ganyen tsiro mai rai ba tare da ta cuce shi ba. Tsiro ya ba ta masauki da ci, ita kuwa sau da yawa takan saka masa da sinadaran da ke kare shi daga ƙwari da cuta.

A 1993 Andrea Stierle da Donald Stierle da Gary Strobel, a jihar Montana ta Amurka, suka ba da sanarwar sun sami wata fumfuna mai yin taksol, maganin ciwon dajin nono da na ƙwan mace, wanda a lokacin sai an saɓe ɓawon wani itace har ya mutu kafin a same shi. Murna ta yi yawa. Sai dai abin da fumfunar ke bayarwa bai taka kara ya karya ba, daga baya ma wasu masana suka yi shakkar sakamakon.

Amma ƙofa ta riga ta buɗe. Leslie Gunatilaka na Jami'ar Arizona ya juya ga hamadar Sonora, bisa hujja mai ma'ana: tsiron da ya jure rana da ƙishirwa, mai yiwuwa baƙuwar cikinsa ma ba ta zo hannu sake ba. A 2006 shi da abokan aikinsa suka fitar da sinadarin radisikol daga fumfunar Chaetomium chiversii da ke cikin wani tsiron hamadar. Radisikol na toshe wani furotin, Hsp90, wanda ƙwayoyin dajin ke dogaro da shi don su rayu. Cikin kwalbar gwaji aikinsa ba shakka. Cikin jikin dabba kuwa yakan lalace tun bai kai inda aka aike shi ba.

Nan ne labarin yake da haɗari a ƙasarmu. In ya fito a rediyo, ya ratsa kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, kafin la'asar ya koma «Nasara sun ce itacen daji na warkar da sankara», mai tallar sassaƙe kuma ya ƙara kuɗi. Alhali masanan ba jiƙo suka sha ba; raba fumfunar suka yi da tsiron, suka rene ta, suka tace sinadari guda daga cikin masu yawa. Nonon tumfafiya kuwa dafi ne ga zuciya, yana kuma ƙona ido. Matar da ta ji ƙullutu a nononta, in ta yi wata shida tana shan jiƙo, ƙullutun ma wata shida ya yi yana girma.