Shekarar da Aka Ce Baƙi Su Tafi

Ƙasar Yauri mashiga ce tun zamanin kakanni. Ta nan ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke ƙetare kogin Kwara, wasu su wuce, wasu aure ya riƙe su. Gungawa na tsibiransu da albasarsu, Kambari na gonakinsu a Ngaski, Shangawa na arewa, Sarkawa kuwa duk inda ruwa ya nufa suna biye. Saboda haka lokacin da nake tasowa a Birnin Yauri, cikin shekarun 1970, baƙo ba abin kallo ba ne. Abin da ake tambaya kawai shi ne gidan wa ya sauka.

Madatsar Kainji ce ta ƙara yawansu. Da aka gama ta a 1968 ruwa ya cika ya haura har Yelwa, ya cinye tsibirai da fadamu, aka tashi mutum sama da dubu arba'in aka zuba su a sababbin garuruwa masu rufin siminti da tsofaffi ba su taɓa so ba. Amma tafkin ya zo da kifi irin wanda ba a saba gani ba. Mahaifina dillalin banda ne, yakan kai kaya kasuwar Yelwa, wani lokaci ya gangara Wara. Shi ya riƙa ba mu labarin masunta da suka kwararo: Nufawa, mutanen kudu masu manyan jirage, Zabarmawa daga Nijar, daga baya kuma mutanen Mali da gurarsu, wadda har yau sunan ƙasarsu ke manne da ita. Muddin giwan ruwa da karfasa na cika kwando, ban taɓa jin ya ambace su da sharri ba. Abokan cinikinsa ne, yana ba su bashin taru, su biya shi da kifi.

A makaranta ma haka. Gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara muka cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan. Jihar Sakkwato ta lokacin, wadda Kebbi ke cikinta har 1991, ta ɗebo malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin don sakandare, ga kuma mutanen Gana da suka gudo wa tattalin arzikinsu da ya durƙushe. Wanda ya koya mini lissafi a ajin farko na sakandare ɗan Gana ne. Dogo ne, ga tsabta, rigarsa kullum a goge ko da ta tsufa. Hausarsa ta zangon Kumasi ce, idan ya ga mun kasa gane Turancinsa sai ya juya ya yi mana bayani da ita, mu yi ta murna. Yana zuwa kafin a kaɗa ƙararrawa. Littafin kowane yaro sai ya duba shi da jan biro, ya rubuta inda aka kauce, kuma ranar Asabar yakan tara masu rauni a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Ni ina cikin masu raunin nan. Duk abin da na iya na lissafi, a hannunsa na samo tushensa.

Sai abubuwa suka fara juyawa. Kifin tafki ya ja baya tun kafin ƙarshen shekarun 1970. Rikicin Maitatsine ya tashi a Kano a watan Disamba na 1980, kuma da yake mutumin daga Marwa ta Kamaru ya fito, sai kowane baƙo ya zama abin zargi. Farashin man fetur ya faɗi, Shugaba Shehu Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, albashi ya fara makara. Yayana ya gama kwalejin horon malamai a daidai wannan lokaci, ya dawo gida da takardarsa yana jiran a tura shi aiki, shiru. Daga bakinsa na fara jin maganar da ta zama ruwan dare: wai 'yan Gana sun tare guraben, suna karɓar abin da ɗan ƙasa ba zai karɓa ba. A bakin ruwa kuma ana cewa gurar 'yan Mali ce ta share kifi har da 'ya'yansa.

Ba zan ce zafin da yayana ke ji ƙarya ne ba. Saurayi ne da ya yi karatu, yana son aure, yana kallon baƙo na karɓar albashi a garinsu. Wanda bai taɓa zaman jiran aiki ba, ba zai san ɗacin wannan ba. Sai dai ba a kan mai laifin ya ɗora fushinsa ba.

Ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya bar Nijeriya. A rediyo muka ji. A daren nan an taru a zauren gidanmu, yayana na cewa yanzu ne za a san ƙasa da masu ita. Kawunmu, wan mahaifiyata, yana gefe yana sauraro. Shi a Kumasi ya yi ƙuruciyarsa yana cinikin goro, har ya gina gida, sai gwamnatin Busia ta Gana ta yi irin wannan doka a watan Nuwamba na 1969, ita ma mako biyu, ya dawo a bayan babbar mota da iyalinsa da ƙullin kaya.

Yayana ya ce, "Kawu, ai kai ya kamata ka fi kowa murna. Su suka fara."

Kawu ya ce, "Ɗana, wanda ya sa hannu a takardar da ta kore ni bai taɓa ganin fuskata ba. Maƙwabcina Ba'ashante kuwa kuka ya yi ranar da zan taso, shi ya riƙe mini makullin gida. Waɗannan da za a kora gobe, irin maƙwabcin nan nawa ne. Kar ka yi murna a gabana."

Zauren ya yi tsit, mahaifina ya kawo wata maganar.

Mutum wajen miliyan biyu suka fita daga ƙasar nan a 'yan makonnin, kusan rabinsu 'yan Gana, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samu suna daga wannan tafiya. Dokar ta ɗaga wa masu aikin gwamnati ƙafa, don haka malaminmu yana da ikon zama. Ya ƙarasa zangon karatun. Amma yaran da jiya ke rige-rigen ɗaukar masa jaka sun fara yi masa ihu a hanyar kasuwa, mai gidan da yake haya ya fara yi masa gani-gani, ga albashi na wata da watanni bai zo ba. Da aka dawo hutu sai muka tarar da ɗakinsa a buɗe. Ya bar wa shugaban makaranta littattafanmu, duk a dube.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ba a turo kowa ya maye gurbinsa ba. Ba yayana ba, ba wani ba, domin kuɗin ɗaukar malami ne babu tun asali. Muka yi ta zama ba darasin lissafi, sai ɗan bautar ƙasa ya zo ya yi shekara ya tafi, a sake jira. Abokan ajina da yawa a kan lissafi suka faɗi jarrabawar fita, waɗanda suke mafarkin aikin likita ko injiniya suka koma gona da kwale-kwale. Gwamnatin Buhari ta sake wata korar a 1985, guraben aiki dai ba su buɗe ba. Yayana sai daga baya ya samu koyarwa a wani ƙauye cikin Shanga, kuma da hanya ya samu.

A tafki ma kifi bai dawo don wani ya tafi ba. Sai a shekarun 1990, da aka yi aikin haɗin gwiwa da Jamusawa kan kamun kifi a Kainji, aka ƙidaya jirage da kayan su, aka fito da lasisi, aka haramta dala, wato babban tarun nan mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa don warangi, yana kwaso 'ya'yan kowane kifi. Masu dala kuwa akwai baƙi a cikinsu, akwai 'yan gida da muke sallah sahu ɗaya. Dokar ba ta tambayi garin kowa ba, idon taru ta duba, kuma wannan ce kaɗai dokar da na ga mahaifina ya yaba.

Yanzu maganar ta koma ramukan zinariya da ke kewaye da Birnin Yauri, inda samarinmu ke haƙa tare da mutanen Nijar da Mali da Burkina Faso, ana ta cewa baƙi na kwashe arzikin ƙasa. Yayana ya yi ritaya, ba ya shiga wannan hira. Babban ɗansa yana aikin gini a Aljeriya ba takarda, kuma duk ranar da rediyo ya ce an kwaso mutane an zube su a Assamaka, bakin iyakar Nijar, ba ya iya cin abinci sai yaron ya kira.