Ziyarar Hubbare a Kan Keke

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sau uku ya tashi daga garinmu Sunke, cikin ƙasar Anka, ya tafi Sakkwato da ƙafa don ziyarar Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ran da ciwon ajali ya kama shi ya kira ni, ya ce, "Kai malamin ofis ne, ƙafarka ta saba da inuwa. In ba ka iya tafiyar ƙasa, ka hau keke, amma kada ka shiga mota." Na ce, "To, Baba." A raina kuwa ina ganin rigimar tsufa ce.

Sai da kakar 2006 na cika alkawari. Na ɗaura buta da tabarma da famfo da kayan faci a bayan keke, na kama hanyar Talata Mafara. Tun kafin azahar cinyoyina suka yi tsami, na zauna gindin wata tsamiya ina zargin kaina. Nan wata tsohuwa mai tallan fura ta tambaye ni inda na nufa. Da na ce Hubbare, sai ta ƙi karɓar kuɗina, ta ce in dai na isa in sa ta a addu'a. Abin da ya fi ba ni kunya, ban ko tambayi sunanta ba.

Haka na yi ta samu har Tureta da Dange da Shuni. Ko'ina na sauka, liman ko mai unguwa ya ba ni zaure, a kawo tuwo, a zauna hira. A Tureta wani dattijo ya tuna mini cewa Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara tun kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, watau ƙasar da na baro ita ma ya taka ta. Mai mota ba ya jin irin wannan, don ba ya tsayawa inda za a gaya masa.

Ran kwana na uku na shiga Sakkwato da la'asar. Na yi alwala, na shiga inda aka binne Shehu a 1817, na yi wa mahaifina addu'a, na yi wa mai fura. Baba kan zarce Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Ni kam ƙarfina ya ƙare a nan.

Daga baya na karanta cewa a ƙasar Japan akwai wani tsibiri, Shikoku, inda mabiya addinin Buddha ke zaga wuraren ibada 88, tafiyar wajen kilomita 1,200, waɗansu da ƙafa, waɗansu a kan keke, mutanen hanya kuma suna ba su abinci kyauta. Addininsu dabam, namu dabam, amma da na karanta sai tsohuwar nan ta faɗo mini a rai.

Bana ɗana na fari ya ce zai hau keken nan ya bi sawuna. Na hana shi. 'Yan bindiga sun sa hanyoyinmu sun zama abin tsoro, ƙauyuka da yawa sun watse, wanda ya saura kuwa ba ya buɗe wa baƙo zaure da dare, kuma ban ga laifinsa ba. Yaron ya ce, "Baba, to, yaushe?" Na ce ya bari tukuna. Keken yana nan rataye a zaure, ran Juma'a nakan sauke shi in sa wa sarƙar mai.