Radar da Ta Ƙi Aiki da Ɗalibar da Ta So Auna Hazo

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Amurka sun nace sai an ƙera musu na'urar rada mai aiki da gajeriyar igiyar rediyo, wadda tsawon zangonta santimita 1.25 ne kacal. Wani matashin masanin fiziks a ɗakin binciken kamfanin Bell, Charles Townes, ya gargaɗe su cewa tururin ruwan da ke cikin iska zai shanye wannan igiya tun ba ta yi nisa ba. Ba wanda ya saurare shi. Aka ƙera, aka gwada, ta kasa hango nesa a duk inda iska ke da laima. Da yaƙi ya ƙare, Townes ya karkatar da irin waɗannan kayan zuwa nazarin yadda iskar gas ke shan igiyoyin rediyo, kuma iskar amoniya daidai kusa da wannan tsawon zango take amsawa. Daga nan hanyar da ta kai ga hasken leza ta faro.

Ni malamin fiziks ne a wata kwalejin ilimi a arewa, kuma na daɗe ina zama a kwamitin da ke tantance batutuwan binciken ɗalibai masu kammala karatu. Zaman kwamitin nan ne ya sa na koma na karanta tarihin Townes da idon basira, musamman littafin da ya rubuta da kansa a 1999, How the Laser Happened.

An haife shi a 1915 a garin Greenville na jihar South Carolina, ya gama digirinsa na uku a Caltech a 1939, ya koma Jami'ar Columbia a 1948. Abin da ya dame shi a can shi ne yadda zai samar da igiyoyi mafi gajarta, domin na'urorin lantarki na zamanin sun kai iyakarsu. Da sassafen 26 ga Afrilu 1951, yana zaune a kan benci a wani lambu a birnin Washington kafin wani taro, dabara ta faɗo masa: me zai hana a bar ƙwayoyin iskar da kansu su samar da igiyar? Tun 1917 Einstein ya nuna cewa ƙwayar da ta ƙoshi da ƙarfi, idan haske mai daidai da zangonta ya gifta ta, za ta saki nata hasken ya bi sahun na farko, zango ɗaya, alƙibla ɗaya. Matsalar ita ce a kowace iska ƙwayoyin da ba su ƙoshi ba sun fi yawa, su kuwa shanye haske suke yi. Townes ya ce to a tace su. A harba amoniya ta ratsa wani fili na lantarki mai ture marasa ƙarfi gefe, masu ƙarfi kaɗai su shiga wani ɗan akwatin ƙarfe inda igiyar za ta riƙa kai da komo tana ƙaruwa. Ina gaya wa ɗalibai cewa hasken fitila kamar manoma ne kowa a gonarsa, kowa da lokacin da yake sauke fartanya, shi kuwa wannan gayya ce da makaɗi, fartanya ɗari na sauka a bugu ɗaya.

Shi da abokan aikinsa James Gordon da Herbert Zeiger sun fi shekara biyu suna fama ba labari. Wata rana manyan sashen biyu, Isidor Rabi, wanda ya riga ya karɓi kyautar Nobel a 1944, da Polykarp Kusch, wanda zai karɓa a 1955, suka same shi a ofis suka ce ya dakatar da aikin, ba zai yiwu ba, kuɗin sashe kawai yake ɓarnatarwa. Ya ƙi. Bayan 'yan watanni, a Afrilun 1954, na'urar ta yi aiki, suka raɗa mata suna meza. Ko bayan ta yi aikin, manyan masana Niels Bohr da John von Neumann sai da suka yi masa musu da farko cewa igiya ba za ta yi tsabta haka ba.

Wannan labari yana da daɗin bayarwa, kuma masu ba da shi sukan tsaya a kan taurin kan Townes. Ni abin da ya fi jan hankalina daban ne. An riga an tabbatar da shi a kujerarsa, shugaban sashe ba shi da ikon korar sa ko rufe masa ɗakin gwaji saboda saɓanin ra'ayi. Da ƙaramin malami ne mai jiran a sabunta masa takarda, da ranar nan aikin ya mutu, komai gaskiyarsa.

Na ga yadda abin yake idan babu wannan kariya. Wata shekara wata ɗaliba ta kawo mana batu: tana so ta auna kaurin hazon hunturu da 'yar fitilar leza ta nuni, irin wadda ake sayarwa a kasuwa yara na wasa da ita. Za ta haska ta a tsawon barandar ajujuwa, ta faɗa kan ƙaramin faifan sola, ta riƙa karanta lantarkin da ya fito safe da yamma. In ƙura ta yi yawa, sai haske ya ragu. Ta ma karanta cewa yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta. Wani babba a cikinmu ya duba takardar ya ce, "Yarinya, me amfanin wannan? Wa bai san akwai hazo ba? Je ki haɗa inbata kamar sauran, ko ki bi masu neman ruwan burtsatse." Ta ce, "Ranka ya daɗe, an san akwai, amma ba mu da adadinsa a garin nan." Aka yi dariya. Ɗalibi a wurinmu ba shi da kujerar da zai tsaya a kai ya ƙi. Maki yana hannun wanda ya ce a'a. Abin da ya cece ta shi ne wani dattijon malami da ya kusa ritaya ya ce a rubuta sunansa a matsayin mai duba aikin, in ya lalace a tambaye shi.

Aikin kuwa da farko ya lalace. Lambobinta suna sauka kullum, ko a ranar da gari ya waye tas. Ta zo ofishina ranta a ɓace ta ce, "Malam, ko dai su Farfesa ne da gaskiya?" Na ce ta bar maganar wa ke da gaskiya, ta nemo abin da ke raguwa in ba ƙura ba. Ita ta gano da kanta: batir ne ke mutuwa a hankali, fitilar na dusashewa. Ta sa ɗan guntun gilashi a karkace a bakin fitilar ya ware wani kaso na hasken zuwa faifai na biyu, ta koma kwatanta biyun. Nan take ranakun hazo suka fito daban a jadawalinta. Ba wani gagarumin bincike ba ne, kuma ba mujallar da ta buga shi. Amma a ajin nan ita kaɗai ta fita da sanin yadda ake kama na'ura tana ƙarya, abin da haɗa inbata daga zanen da aka kwafo ba ya koyarwa.

Kada kuma a ɗauka cewa ɓangaren da aka taɓa yi wa musu bisa kuskure ya tsira daga yi wa wani. A Disambar 1958 Townes da Arthur Schawlow, mijin ƙanwarsa, suka buga takardar da ta nuna yadda za a kai dabarar meza ga hasken da ido ke gani, da madubai biyu suna fuskantar juna. Manyan ɗakunan bincike suka shiga tsere. Schawlow ya faɗa a bainar jama'a cewa jan yaƙutu ba zai dace da wannan aiki ba, mutane da yawa suka bar shi. Theodore Maiman, a ɗakin binciken kamfanin Hughes a California, bai karɓi lambobin da aka buga ba sai da ya sake aunawa da hannunsa. Ranar 16 ga Mayu 1960 ya haska 'yar sandar yaƙutu da fitilar walƙiya irin ta masu ɗaukar hoto, leza ta farko a duniya ta kama. Mujallar Physical Review Letters ta ƙi takardarsa, sai Nature ce ta buga a Agusta. Kyautar Nobel ta 1964 ta tafi ga Townes da Rashawa biyu, Nikolai Basov da Aleksandr Prokhorov, waɗanda suka bi hanya ɗaya a Mosko; Maiman bai taɓa samu ba, kuma a ganina an rage masa haƙƙi.

Tambayar "me amfaninsa" ita ma an yi wa leza, har ana yi mata ba'a cewa magani ce mai neman cuta. Yau ita ke ɗaukar saƙonnin wayarmu a cikin zaren gilashin da ya ratso teku ya fito a Legas. Gwaggona da aka yi wa aikin yanar ido, ganinta ya sake dishewa daga baya, likita ya zaunar da ita gaban wata na'ura ya buɗe wurin da leza cikin 'yan mintuna, ba wuƙa ba ɗinki. Shi kansa Townes bai zauna cin gajiyar abin ba. Ya koma Berkeley a 1967 ya juya ga taurari, tawagarsa ta gano amoniya a sararin samaniya a 1968, sannan tururin ruwa, wato abubuwa biyun da ya fara hulɗa da su tun zamanin radar nan. Ya rasu a Janairun 2015 yana da shekara 99.

Ga abokan aikina masu zama a irin wannan kwamiti, roƙona ɗan kaɗan ne. Idan ɗalibi ya kawo batun da ba mu saba gani ba, mu ce ya kawo lissafinsa da jerin kayan da zai buƙata da kuɗinsu. In lissafin ya tsaya kuma kuɗin bai fi ƙarfinsa ba, ɗaya daga cikinmu ya sa hannu a matsayin mai dubawa, a ba shi zangon karatu ɗaya ya gwada.