Ƙiba da Ɗalibai: Zare Ɗaya Ya Isa Mu Auna Kanmu

Mu 'yan Tozai da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, rama muka tashi muna tsoro. Mun ga shekarun da gero bai yi ba, mun kuma ga waɗannan da 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gona. Mun san tef ɗin nan mai launi uku da ma'aikatan lafiya ke zagaya wa damtsen ƙananan yara. Idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an san tamowa ta yi tsanani. Shi ya sa idan ɗalibi ya dawo hutu da kumatu, iyayenmu mata kan ce, "Masha Allah, karatu ya karɓe ka." Babu mai ganin laifinsu.

Sai dai rayuwar makaranta daban take da ta gida. Mu da ke karatu a Sakkwato, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantu, mun baro noma, ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa. Yini ake yi a zaune, daga aji sai ɗakin karatu. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne Indomie da ƙwai, burodi, shayi mai suga da lemon kwalba. Jiki yana ajiye abin da bai ƙona ba, ya mai da shi kitse.

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima. Likitoci suna da awon da ake kira BMI, wanda ya samo asali daga lissafin wani ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, a ƙarni na 19. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau tsawonsa. Mai kilo 70 da tsawon mita 1.70 zai ninka 1.70 sau 1.70 ya sami 2.89, sai ya raba 70 da shi, ya sami 24.2. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce mai haɗari. Wannan na manya ne. Ƙannenmu na sakandare suna da jadawalinsu da ke la'akari da shekaru da jinsi.

Awon yana da naƙasu, domin sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ɗan kokawar Gobir mai ƙirar ƙarfi zai iya haura 25 alhali ba ya da teɓa, wani siriri kuma ya fito daidai ga shi da tumbi. Kitsen cikin nan shi ne mafi illa, saboda yana lulluɓe kayan ciki, yana kuma da alaƙa da ciwon suga da hawan jini.

A nan zare ke da amfani. Mutum ya yanki zare daidai tsawonsa, daga tafin ƙafa zuwa ƙololuwar kai, ya ninka shi biyu, ya zagaya ƙugunsa sama da cibiya kaɗan, bayan ya fitar da numfashi. Idan bakin zaren ya haɗu ba tare da matsi ba, madalla. Idan ya gaza haɗuwa, ƙugu ya wuce rabin tsawo, lokacin kula ya yi. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa kada ya kai 85. Tef ɗin tela ma yana yin wannan aiki, kuma ko sisi ba a kashewa.

Akwai abin da ya fi damunmu. Wasu 'yan uwanmu mata, don gudun gorin rama, suna sayen ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe". Daga cikinsu akwai dexamethasone, maganin da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Yana kumbura fuska da ciki, yana ɗaga suga da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki. Wannan kumburi ne, ba lafiya ba. Mu maza masu yi musu ba'a, haka ma masu tsokanar mai jiki a aji, mu sani bakinmu yana tura mutane ga cutar da kansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba. A yankinmu za a iya samun ƙane mai tamowa da yaya mai teɓa a gida ɗaya. Iyayen da suka sayar da akuya don kuɗin rajistarmu ba su da ƙarfin sayen maganin suga har ƙarshen rayuwa. Don haka, 'yan uwa ɗalibai, mu auna ƙugunmu sau ɗaya a kowane zangon karatu, mu rage suga, mu taka da ƙafa inda ba sai an hau kabu-kabu ba. Wanda zarensa ya gaza haɗuwa, ya leƙa asibitin makaranta a duba masa jini da suga.